Ɗaya Bisa Talatin da Biyar

Ranar da na tuɓe kaki na dawo Zuru
kayana ba su cika akwati ba:
fansho mai zuwa kamar ruwan bazara,
kunne guda da igwa ta toshe,
da hannuwa biyu da suka ƙi zama haka nan.

Shekara ashirin da shida ina ƙarƙashin motar sulke,
sifana a baki, baƙin mai a ido.
Yau ita ce a ƙarƙashin hannuna,
tsawonta bai kai takalmina ba.

Ɗaya bisa talatin da biyar nake aunawa.
Rula ba ta san girman saje ba,
in na ƙara ƙwayar gero sai ta tona ni.
Gwangwanin madara na buɗe, shi ne sulke.
Taya takwas daga tsohon silifa,
kowace na zauna na fitar mata da haƙora da reza.
Bututun biro ne bakin bindiga,
eriya kuwa sili ɗaya daga wayar birkin keke.
Ƙofar baya ta ci mini kwana tara
don na rantse sai ta buɗe ta rufe.

In fenti ya bushe, kore da baƙi da ruwan ƙasa,
sai in niƙa jar ƙasar bakin rafi
in shafa mata da auduga har wuya.
Motar da ba ta yi datti ba
ba ta je ko'ina ba.

Gado mai faci ya leƙo ta katanga:
"Saje, da furfurarka, wasan yara?"
Na ce yaro yana ƙerawa don ya ja da zare.
Ni ina yi ne don ta tsaya wuri ɗaya
in dube ta da kyau,
abin da ban samu yi ba a lokacin.

Mutanen da ƙasar suri na gina su, da gam,
kowanne bai fi ƙaramin yatsana ba.
Ga Kofur Dantani da hularsa a karkace,
duk tsawar manya ba ta miƙe ta ba.
Ga Bagudu a sama, gwiwa ɗaya a naɗe,
yana ɓoye goro a aljihun harsashi.
Ga ni nan a gefe, na rage wa kaina tumbi.

Kujerar direba ce babu kowa.
Sau huɗu ina gina Noma,
kafaɗa ta fito, wuyan nan dogo ya fito,
in na ɗauki tsinke zan buɗe masa ido
sai hannun da bai taɓa rawa kan injin ba
ya kama rawa.
Huɗun suna cikin gwangwanin ashana, ba fuska.

Jiya na dawo daga kasuwa
na tarar da jikata Kande a tsakar gida
ta buɗe ƙofar nan ta kwana tara
ta cika cikin motar da gyaɗa.
Dantani na kwance a kan tabarma,
eriya ta lanƙwashe.
A kujerar direba ta zaunar da ƙwaya guda,
ta ɗiga mata ido biyu da gawayi.

Na buɗe baki da muryar fareti.
Ta ce, "Kaka, matsa, za shi Ribah da kaya,
yamma ta yi masa."

Na ɗage ƙafata.
Ta wuce ta ƙarƙashin kujerata tana guɗa da leɓe,
ta zagaye turmi, ta zagaye randa,
taya takwas suna juyawa kamar yadda na auna,
ta kai har bakin zaure
ba abin da ya tashi a ƙarƙashinta
sai kaza.